An ɗauke ni kula da ma'aikata, amma ko ɗaukar mai gadi ba a shawara da ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 31, ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke wajen Kano. Mun kai mutum 140 in an haɗa da leburori. Wata tara ke nan da aka ɗauke ni in riƙe ofishin kula da ma'aikata, wanda ake ce wa HR. Kafin zuwana babu wannan ofishi, akanta ne ke biyan albashi, Alhaji mai kamfanin kuma shi ke ɗauka shi ke kora. Ɗansa da ya gama karatu ne ya matsa aka buɗe.

Damuwata ita ce ba wanda ya ɗauke ni a bakin komai. Sai in zo da safe in tarar da baƙuwar fuska a sito, in na tambaya a ce Alhaji ne ya turo shi, ɗan ƙanwar matarsa ne. Manajan masana'anta, wanda ya shekara 16 a wurin, da baki yake korar leburori a bakin ƙofa, sai bayan kwana uku nake ji. Ranar Litinin manajoji suna mitin ba a kirana, sai dai a aiko in sa a kawo lemo da ruwa. Na rubuta kundin dokokin aiki mai shafi 40 na kai wa Alhaji, har yau yana kan teburinsa, flas ɗin shayi ake ɗora masa. Su kuma ma'aikata kallon 'yar leƙen asiri suke yi mini, in na shigo sai a yi tsit. Na gano wata uku ana cire musu kuɗin fansho ba a turawa, kuma ni suke tsarewa da tambaya. Watan jiya bel ɗin inji ya cinye wa wani yaro yatsu biyu, aka ba shi naira dubu 50, aka ce in rubuta a fayil cewa a gida ya ji ciwon. Ban rubuta ba, ban kuma ce ba zan rubuta ba. Mijina ya ce in ajiye aikin. Ni kuma ina son aikin, kuma muna bukatar albashin. Yaya zan yi a girmama ofishina?

'Yar'uwarki, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni yadda za a girmama ofishinki, amma bari in fara da abin da kika ajiye can ƙarshen wasiƙa kamar kina jin nauyin faɗinsa, wato yatsun yaron nan. Kada ki rubuta cewa a gida ya ji ciwo. Ko Alhaji da kansa ya tsaya a kanki, kada ki rubuta. Ƙarya ce, zalunci ne ga yaron, kuma sa hannunki ne zai kasance a ƙasan takardar. Ran da magana ta kai gaban alƙali, wanda ya ba ki umarni da baki zai ce bai san zancen ba, ke za a kira ki yi bayanin rubutunki. Kuma ki sani, leburorin da suka ɗauke shi yana jini suka sa shi a mota duk sun san a ina abin ya faru. Idonsu yana kanki. Shirun da kika yi na wata guda ma, suna lissafe da shi.

Ƙin rubutawa kaɗai bai isa ba, sai kin je wa Alhaji da mafita, domin mai dukiya ba ya son a kawo masa matsala tsirara. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsa na wata a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, don irin wannan rana. Ta kuma ce in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, a kai rahoto cikin kwana bakwai. Wa'adin ya wuce, amma rahoton gaskiya a makare ya fi na ƙarya a kan lokaci sau dubu. Ki fara tambayar akanta ko kamfanin yana zuba wannan kuɗi. In yana zubawa, to albishir za ki kai wa Alhaji: akwai inda za a nemi kuɗin magani da diyyar yaron ba daga aljihunsa ba. In ba ya zubawa, ki faɗa masa a fili cewa dubu 50 ba ta rufe magana ba, yaron yana da damar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'un ƙwadago. Gara a zauna da yaron da iyayensa yanzu, a biya magani gaba ɗaya, a yi masa diyya mai mutunci, a ba shi aikin da hannunsa zai iya. Sannan a sa wa bel ɗin nan kariya, domin injin da ya ci yatsu biyu bai ƙoshi ba.

Yanzu bari mu dawo kan Alhaji, kuma zan roƙe ki ki ɗan sauke fushin da kike yi da shi don ki gan shi da kyau. Mutumin da ya tayar da kamfani har ya kai mutum 140 ba tare da ofishinki ba, a zuciyarsa yana ganin ya riga ya san yadda ake tafiyar da mutane. Mai yiwuwa daga awon shanshera a kasuwa ya faro, inda magana ta baki ita ce takarda, amana kuma ita ce jingina. Ba shi ya nemi a buɗe ofishin ba, ɗansa ya yi wa kara. A wurinsa har yanzu ke kuɗi ne da ke fita duk wata, bai ga abin da ke shigowa ta hannunki ba. Manajan masana'anta yana kawo masa adadin buhuna, akanta yana kawo masa lissafi, mai sayarwa yana kawo masa ciniki, ke kuma kin kawo masa shafi 40 na "an hana, an hana". Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi, ƙanwata: da ni ce Alhaji, ni ma flas zan ɗora wa kundin nan. Ba don babu alheri a cikinsa ba, sai don kin fara gini daga rufi.

Ki je ki ɗauko kundinki cikin ladabi, ki ce za ki ƙara gyara shi, ki ajiye a durowa. Abin da za ki kai masa a madadinsa takarda ce guda ɗaya, da Hausa in Hausa ya fi sakewa da ita, kuma da harshen da yake ji, wato naira. Maganar fanshon nan ce za ta zama ta farko a ciki. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8 cikin 100, kamfani kashi 10, kuma a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya riƙe, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Mu ɗan yi lissafi na misali. A ce kowa mafi ƙarancin albashi yake ɗauka, naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Mutum 140 ya kama miliyan 9 da dubu 800 a wata. Kashi 18 na wannan ya haura miliyan 1 da dubu 700, a wata uku ya haura miliyan 5, tarar da ke hawa kansa kuma ta wuce dubu 100 duk wata. Ke za ki sa alƙaluman gaskiya na kamfaninku, amma kin ga yadda magana ke sauya kama in ta koma kuɗi. Ki ƙara masa da abin da zai fi jan kunnensa: kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna takardun shaida daga hukumar fansho ta PenCom, da NSITF, da ITF, asusun horar da ma'aikata. Mai shinkafa kuwa ba ya rasa kwaɗayin ranar da gwamnati za ta sayi tirela-tirela don rabo. Ita ITF, da ake zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, tana mayar wa kamfani har rabin abin da ya zuba in ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idarta ya kuma ajiye takardun shaida. Kamfanoni da yawa suna biya ba sa nema, don ba mai bin takardun. Ran da kika sa kuɗi suka dawo asusun kamfani ta wannan hanya, ranar Alhaji zai fara tambayar ko kin shigo.

Kafin ki kai takardar, ki zauna da akanta. Kada ki bari ya ji labarin a bakin Alhaji. Ba mu san dalilin riƙe kuɗin ba tukuna: wataƙila umarni aka ba shi don a sayi shanshera lokacin kaka, wataƙila sakaci ne, wataƙila kuma akwai abin da ya fi haka muni. Ki tambaye shi a matsayin mai neman sani, ki ce ma'aikata sun dame ki, kina son ku je wa Alhaji da tsarin biya tare. In hannunsa a wanke yake, kin yi abokin tafiya. In ya fara kame-kame, kin ƙaru da wani ilimi, sai ki riƙe a ranki ki bar alƙaluma su yi magana.

Yadda za ki shiga wurin Alhaji ma abin lura ne. Ba a gaban manajoji ba, ba a gaban baƙi ba, ba kuma ranar da wuta ta ɗauke ana ƙona gas a janareto ba. Ki nemi ɗansa ya samo miki minti goma, ya zauna a wurin in zai yiwu, amma ke za ki yi magana. In kika bar ɗan yana yi miki baki kullum, za ki zama "yarinyar ɗan Alhaji", duk rigimar da ke tsakanin uba da ɗa kan yadda za a tafiyar da kamfani a kanki za ta riƙa sauka. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai wurare uku da kuɗinka ke zuba, na zo in nuna maka, kuma na zo da yadda za a toshe." In kin ga fuska, ki tuna masa kuɗin fanshon nan gumin ma'aikata ne da aka riga aka cire, amana ce a hannunsa. Ya san hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, ya fi ki saninsa ma. Sau ɗaya za ki ambata, a tausashe, kada ya zama wa'azi.

Maganar 'yan'uwa da ake turowa kuwa, ki saki wannan yaƙi, ba za ki ci shi ba, kuma ban ga laifin mutum ya taimaki danginsa da dukiyarsa ba. Abin da za ki nema ƙarami ne: duk wanda Alhaji ya turo, ya biyo ta ofishinki kafin ya shiga sito. A buɗe masa fayil, a karɓi lambar NIN da asusun bankinsa da sunan mai tsaya masa, a rubuta aikinsa da wanda zai riƙa ba shi umarni. Dokar ƙwadago ma ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Sai ku yi yarjejeniya da akanta, da amincewar Alhaji, cewa sunan da ba shi da fayil ba ya shiga takardar albashi. Ki gabatar da wannan a matsayin maganin ma'aikatan bogi, domin babu mai kamfanin da ba ya tsoron ana biyan wanda ba ya nan. Nan ne ƙarfin ofishinki yake, a bakin takardar albashi. Ran da ɗan ƙanwar Hajiya ya zo da kansa yana neman fom don kada wata ya wuce shi, magana ta fara zama.

Shi kuma manajan nan, ki duba ta ɓangarensa. Shekara 16 yana fama da ƙura da ƙarar inji, rana ɗaya aka kawo wadda wataƙila ya yi jika da ita ko kusa, aka ce ita za ta faɗa masa wanda zai kora da wanda zai bari. Ko bai faɗa ba, yana ganin an zo rage masa iko ne. In kika tunkare shi da doka, zai nuna miki shi ne ɗan gida. Ki je masa a matsayin ɗaliba. Ki sa takalmi rufaffe da takunkumi, ki ɗaure mayafinki tamau don inji ba ya wasa da tufa mai lilo, ki ce, "Baba, ina son ka zaga da ni ka nuna mini aikin nan tun daga inda ake sauke buhu har inda ake ɗinke shi." Dattijo ba ya ƙin mai neman ilimi a wurinsa. A cikin zagayen ki tambaye shi me ya fi ci masa tuwo a ƙwarya game da ma'aikata. Ina kyautata zaton zai ce da damina ta faɗi leburori suke watsewa su tafi gona, ko masu aikin dare suna barci, ko kuɗin ƙarin lokaci yana makara har yara su ƙi tsayawa. Ki zaɓi ɗaya ki warware masa, ki bar shi ya karɓi yabon a gaban Alhaji. Bayan nan ne za ki roƙe shi alfarma ɗaya: in ransa ya ɓaci da lebura, kada ya kore shi a bakin ƙofa, ya ce masa "je ka ofishin ma'aikata". Ki nuna masa ba hana shi hukunci za ki yi ba, takarda za ki yi masa yadda ba wanda zai dawo da ƙara. Doka ta tsara sanarwar sallama gwargwadon daɗewar mutum: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar ko ya wuce, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Babban laifi irin sata hukuncinsa daban, amma shi ma sai an ji ta bakin mutum an rubuta.

Ma'aikata da suke yin tsit in kin shigo ba su yi laifi ba. Wata tara suna ganinki, fanshonsu bai shiga ba, ɗan'uwansu ya rasa yatsu, me za su ɗauke ki? A nan zan ba ki labarin kaina. Lokacin da masaƙun Kakuri ke raye a Kaduna na yi aiki a ofishin ma'aikata na ɗaya daga cikinsu. Wani magidanci ya shigo ya rufe ƙofa, ya cire hularsa yana murzawa, ya ce mini matarsa ce ke da taɓin hankali, shi ya sa yake latti, sai ya kai yara gidan mahaifiyarsa kafin ya taho. Ni kuma don in taimake shi na faɗa wa shugaban sashensa dalilin. Kafin mako ya zagayo ana tsokanarsa a kantin cin abinci. Bai yi mini faɗa ba, gaisuwa kawai ya daina, kuma sai da na shekara ba wanda ya sake rufe ƙofar ofishina don ya yi mini magana. Da cewa na yi yana da uzuri na gida da na tabbatar, ya wadatar. Ki riƙe wannan: rashin lafiyar mutum, bashinsa, rikicin aurensa, adadin albashinsa, ba sa fita daga bakinki, ko a gida wurin maigidanki. Yanzu ma har doka akwai, ta kare bayanan jama'a ta 2023, amma tun kafin ita mutunci ya hana.

Kada kuma ki sayi soyayyarsu da zagin Alhaji ko alkawarin abin da ba ya hannunki. In sun tsare ki kan fansho, ki ce, "Gaskiya ne wata uku bai shiga ba, na kai magana, ranar kaza zan dawo muku da abin da aka ce." Ranar ta zo ki dawo, ko amsar ba daɗi. Ki nuna wa kowa yadda zai duba asusun fanshonsa a wayarsa. Ki sa hutun shekara ya zama da jadawali, tunda doka ta ba wanda ya cika wata 12 aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Matan da ke tsintar shinkafa ko ɗinkin buhu, in akwai su, su san suna da mako 12 na haihuwa. Kuma in kin ba da takardar tuhuma, ki ba ɗan'uwan Hajiya irin wadda kika ba ɗan ƙauye a kan laifi iri ɗaya. In ba za ki iya ba shi ba, to kada ki ba kowa a kan wannan laifi.

Lemo da ruwa kuwa, kada ki mayar da shi abin rigima. Ki miƙa wa masinja aikin, ki wuce. Mitin ɗin Litinin ma kada ki roƙi kujera. Ki riƙa tura wa Alhaji da ɗansa rabin shafi duk Asabar: mutum nawa suka yi fashi, nawa suka bar aiki, nawa suka ji ciwo, nawa aka kashe a ƙarin lokaci, a wane sashe. In an yi wata biyu ana ganin wannan, wata rana gardama za ta tashi a mitin kan dalilin raguwar buhuna, wani zai ce a kira ki.

Maigidanki yana da gaskiyarsa, yana ganin matarsa tana dawowa gida da ɓacin rai, kuma yana tsoron a shafa miki kashin kaji. Kada ki yi watsi da maganarsa. Ku zauna ku yanka wa'adi, a ce wata shida. In a cikinsu an daidaita da yaron nan, an fara tura fansho, sababbin ɗauka suna biyowa ta ofishinki, to wurin yana gyaruwa ko da a hankali, ki zauna. Duk shawarar da kika bayar ki rubuta ta da kwanan wata, ki riƙe kwafin abin da ke da sa hannunki. A wannan tsakanin, in ba ki yi rajista da CIPM ba, cibiyar ƙwararrun wannan fanni da doka ta amince da ita tun 1992, ki yi, ki riƙa zuwa taronsu na Kano. A can za ki haɗu da waɗanda suka sha irin wannan a Sharada da Bompai da Challawa, kuma a bakinsu ake fara jin inda ake neman ma'aikaci. Amma in Alhaji ya ji duk bayaninki ya ce sai kin rubuta cewa a gida yaron ya ji ciwo, to ba sai an jira wata shida ba. Ki ba da sanarwar ajiye aiki yadda takardar ɗaukarki ta tsara, ki miƙa fayil-fayil cikin tsari, ki fita da sunanki a wanke.

A wannan makon, kafin komai, ki nemi izinin maigidanki ki je gidan su yaron nan ki duba shi. Ki gaishe da mahaifiyarsa, ki ga hannun da idonki, ki tambayi asibitin da aka kai shi da abin da suka kashe zuwa yanzu, ki ce su adana duk rasit da katin asibiti. Ki rubuta sunayen waɗanda ke wurin lokacin da abin ya faru tun ba su watse ba. Da waɗannan za ki shiga wurin Alhaji. In kun yi magana ki sake rubuto mini abin da ya ce. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya dafa miki.